Tonon kayan tarihi a telebijin: shirin Time Team da masu kallonsa

 A yau za mu leƙa ƙasar Birtaniya ne, inda za mu duba wani shirin telebijin na masu tonon kayan tarihi a ƙarƙashin ƙasa mai suna Time Team, wato a Hausance kamar ka ce tawagar masu bin sawun zamanin da. Tashar Channel 4 ta shafe shekaru 20 tana nuna shi, daga 1994 zuwa 2014, kafin ta ajiye shi, sa'an nan daga baya masu kallo suka tashe shi da kuɗin aljihunsu. Idan a Landan ko Manchester ko Birmingham kake zaune, mai yiwuwa ka taɓa cin karo da shi kana canza tasha da yammacin wata Lahadi, ka ga wasu mutane cikin laka da ruwan sama sun duƙa a rami suna gardama a kan ɗan tsingaro. Idan kuma daga Kumasi ko Njamena ko Jidda kake saurarenmu, to shirin yana nan a YouTube, kana iya dubawa da kanka.

Tambayoyi biyu ne masu kallon wannan shiri suka yi ta nanatawa shekara da shekaru. Ta farko ita ce, wai shin yaushe za a nuna, kuma da ƙarfe nawa? Ta biyu kuma, anya kwana uku sun isa a tone wuri a ce an fahimci tarihinsa? Za ka iya ɗauka cewa ta farkon ƙaramar magana ce ta masu son nishaɗi. To amma da yake kuɗin telebijin ne ke biyan ma'aikata da injin haƙa da gwaje-gwajen ɗakin bincike, duk abin da ya taɓa yawan masu kallo ya taɓa aikin kimiyyar kansa, kamar yadda za ka ji nan gaba.

Da farko bari mu ga yadda shirin yake. Wani mai shirya shirye-shiryen telebijin, Tim Taylor, shi ne ya ƙirƙiro shi tare da Mick Aston, masanin tsoffin matsugunan ɗan Adam wanda daga baya ya zama farfesa a jami'ar Bristol. Sun fara aiki tare ne a wani gajeren shiri mai suna Time Signs a 1991, kuma daga nan tunanin ya samo asali, cewa idan aka tara ƙwararru da kayan aiki a wuri guda, kwana uku sun isa a gane ko mene ne ke binne a wani fili. Ranar 16 ga watan Janairun 1994 aka nuna kashi na farko. Mai gabatarwa shi ne Tony Robinson, ɗan wasan barkwanci da Turawan Ingila suka sani da sunan Baldrick a wasan Blackadder. Aikinsa shi ne ya tsaya a madadinka kai mai kallo, ya riƙa yin tambayoyin da ni da kai za mu yi: to wannan baƙar ƙasar me take nufi, kuma ta yaya ka san shekarunta? Sau da yawa ma masu kallo ne ko ƙungiyoyin tarihi na ƙauyuka ke rubuto wasiƙa su ce ga abin da muke gani a gonarmu ko a bayan gidanmu, ku zo ku duba. Zangon farko kashi huɗu ne kacal, daga baya ya kai kashi 13 a shekara, kuma kafin a rufe shirin tawagar ta yi aiki a wurare fiye da 200, akasari a Birtaniya, da wasu ƙalilan a Amurka da Faransa da Spain da tsibirin Nevis na yankin Karibiyan.

Abin da ya sa kwana ukun ya yiwu shi ne na'urorin da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an sa shebur ba. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin nan ne kimiyyar take. Na'ura ta farko tana auna ƙarfin maganaɗisu ne. Ka san duniyar nan tamu tana da nata maganaɗisun, shi ne ke juya allurar na'urar nuna alƙibla. To ƙasar da aka taɓa ƙonawa, kamar gurbin murhu ko wurin gasa tukwane ko maƙera, tana riƙe da maganaɗisu fiye da ƙasar da ke kewaye da ita. Haka shi ma tsohon gwalalo ko ramin shara da ya cike da ƙasar sama, wadda ta sha toka da ruɓaɓɓen abu. Bambancin ɗan mitsitsi ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin maganaɗisun duniya ba a mafi yawan lokuta, shi ya sa mai ɗauke da na'urar ba ya sa agogo ko bel mai kan ƙarfe, yana tafe yana dawowa a layi kamar mai shuka. Na'ura ta biyu kuma ƙarafa ne ake cakawa a ƙasa a tura wutar lantarki kaɗan. Inda akwai harsashin gini na dutse wutar tana shan wahalar wucewa saboda bushewa, inda kuma akwai tsohon rami mai riƙe danshi sai ta wuce salin alin. Ta uku ita ce rada, wadda ke aika sigina cikin ƙasa ta saurari dawowarta, ta haka ake ƙiyasta zurfin abu. Kwamfuta ce ke haɗa waɗannan alƙaluma ta fitar da taswira mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari. John Gater shi ne jagoran wannan ɓangare a shirin, kuma masu kallo sun saba ganin ana zolayarsa duk lokacin da taswirarsa ta nuna bango amma aka haƙa aka tarar da bututun ruwa.

Kashin farko ma shi ya nuna amfanin waɗannan na'urori. An yi shi ne a Athelney da ke gundumar Somerset, wurin da Sarki Alfred ya ɓuya daga mayaƙan Viking a shekara ta 878. Da yake wuri ne da doka ta kare, ba a ba su izinin haƙa shi ba, amma na'urorin suka zana musu fasalin tsohon gidan ibadar da ke binne a wurin. Sai a kashi na 100, wanda aka nuna a 2003, suka koma da izinin tono.

To yanzu mu zo ga gardamar kwana uku, wadda ita ce ta fi zafi tsakanin masana. Hujjar masu suka mai ƙarfi ce, kuma ya kamata ka ji ta sosai. Tono ɓarna ne. Masanin sinadarai idan gwajinsa ya lalace yana iya sakewa gobe, amma wanda ya kwashe ƙasar kufai ba shi da damar mayar da ita yadda take. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, kuma darajar tsingaro ko tsabar kuɗi tana ga hawan da aka same su da abin da ke kusa da su. Idan aka yi gaggawa aka cakuɗa, bayanin ya tafi ke nan har abada. Saboda haka wasu masana suka riƙa cewa shirin yana koya wa jama'a cewa binciken kufai tsere ne da agogo, alhali aiki ne na watanni, wani lokaci ma shekaru, kuma mafi yawansa a kan tebur ake yi, ana wanke tsingaro ana rubuta lamba.

Amsar da masu shirin ke bayarwa ita ce, su ba tone wuri gaba ɗaya suke yi ba. Ƴan ramuka ne na gwaji suke buɗewa don a san me ke wurin, na wane zamani ne, kuma ya lalace ko da saura. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a Ingila. Tun 1990 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da ta sa masu manyan gine-gine su biya kuɗin binciken fili kafin su zuba harsashi, kuma kamfanonin da ke wannan aiki kullum da wa'adi suke yi, sau da yawa ma gajere. Daga wajajen 2003 kuma kamfanin Wessex Archaeology, inda Phil Harding mai tsohuwar hular nan yake aiki, shi ya ɗauki nauyin rubuta cikakkun rahotannin wuraren da aka tona, kuma an sa su a intanet kowa na iya karantawa. A ganina wannan ita ce amsa mafi ƙarfi, domin a wannan fanni tonon da ba a rubuta rahotonsa ba bai da maraba da na ɓarayin kayan tarihi.

Amma akwai inda masu sukar suka yi gaskiya, kuma yana da kyau ka riƙe shi duk lokacin da kake kallon irin waɗannan shirye-shirye. Abin da ake faɗa da yammacin rana ta uku hasashe ne na ƙwararru, ba hukuncin ƙarshe ba. Ɗauki misalin gwajin shekaru na sinadarin kabon 14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, har ya samu lambar Nobel a 1960. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai ya daina, abin da ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa da rabi a duk shekaru 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, za a iya ƙiyasta lokacin mutuwarsa, har zuwa wajen shekaru dubu 50 baya. To wannan gwaji ba a bakin rami ake yinsa ba, sai an kai ɗakin bincike an tsabtace samfurin, a jira makonni, kuma sakamakon ba ya ba ka shekara guda sai dai tsakanin kaza da kaza. Shi ya sa a filin tono masanin tukwane ya fi kowa kasuwa, domin shi da ya juya tsingaro a hannu ya dubi yumɓun da bakin tukunyar zai ce maka wannan na zamanin Rumawa ne ko na bayansu. Wani lokaci rahoton da ya fito bayan shekara guda yakan gyara abin da aka faɗa a gaban kyamara, kuma mai kallo ba lalle ya ji wannan gyara ba.

Akwai kuma wata taƙaddama da ta tashi a 2003, lokacin da shirin ya gayyaci jama'a a duk faɗin ƙasar su haƙa ramin gwaji mai faɗin mita ɗaya a lambunan gidajensu, su aiko da bayanin abin da suka samu. Masana da dama sun tayar da jijiyar wuya, suna cewa an sakar wa marasa horo shebur. To sai dai ɗaya daga cikin ƴan tawagar, Carenza Lewis, ta ci gaba da wannan salo a jami'ar Cambridge tare da ɗalibai da mutanen ƙauyuka, a ƙarƙashin kulawar masana. A 2016 ta wallafa sakamakon ramuka kusan 2,000 daga ƙauyuka 55 na gabashin Ingila, inda ta nuna cewa yawan tsingaron da ake samu ya ragu da kimanin kashi 45 cikin 100 bayan annobar nan da ta afka wa ƙasar a 1348. Wato ƙananan ramukan bayan gida sun zama ma'aunin yawan mutanen da annoba ta kwashe shekaru fiye da 600 da suka wuce.

Su kuma masu kallo na gida me suka fi so? Nan ne abin ya ba masu tsara shirye-shirye mamaki. Da ka tambayi ɗan kasuwar telebijin zai ce maka zinariya da ƙwarangwal su ke jawo jama'a. Amma cikin kason da masoya shirin suka fi ambata har yau akwai wanda aka nuna a 2001, daga wani wuri mai suna Llygadwy a yankin Wales. An kira tawagar ne ga wani marmaro da ke cike da kayan tarihi iri-iri, har abin ya yi yawa ya fara ba su shakka. Ana cikin haka suka tono takobi na gaske na zamanin ƙarfe, wanda ya haura shekaru 2,000. Da suka bi ƙasar a hankali sai ga waya mai ƙaya, irin ta shingen gona ta zamanin nan, kwance a ƙarƙashin takobin. Ka tuna ƙa'idar da muka faɗa, na ƙasa ya girmi na sama. Ke nan wani ne ya binne takobin bayan an ƙera wayar. Ba a buƙaci wata na'ura mai tsada ba, tsarin hawan ƙasa kaɗai ya tona asirin cewa dasa kayan aka yi. Haka kuma a 2007 an nuna wani kashi daga Warburton kusa da Manchester, inda suka je neman sansanin sojan Rumawa suka kwana uku suna haƙa ba su samu ba, kuma aka nuna shirin a haka. Mutane sun so waɗannan ne domin sun ga yadda masana ke tunani, yadda Mick Aston da rigarsa ta sanyi mai launi-launi zai ce a buɗe rami a nan, Stewart Ainsworth ya dawo daga zagayen gonaki da taswira ya ce duk kun yi kuskure, ƙauyen yana can gaba, sa'an nan Victor Ambrus ya zauna da fensir ya zana yadda wurin yake a da.

Yanzu sai batun lokaci. Shekaru da dama tsarin a bayyane yake: a yi tono daga bazara zuwa kaka lokacin da rana ke da tsawo, a tace hotunan, sa'an nan a fara nunawa a watan Janairu, ranar Lahadi da yamma, lokacin da sanyi da duhun wuri suka tara iyali a ɗaki. Mutum ya san inda zai samu shirinsa, kamar dai yadda ka san lokacin da za ka murɗa rediyonka ka same mu. To a shekarun baya-baya sai wannan tsari ya fara tangal-tangal. Lokacin farawa ya riƙa motsawa daga mako zuwa mako, wani lokaci a jawo shi baya tun mutane ba su dawo gida ba. A 2010 ma ba a fara zangon ba sai a watan Afrilu, kuma aka raba shi, aka riƙe sauran kason sai bayan watanni. Masu kallo suka yi ta tambayar juna ko an daina ne, ko sabo ne za a nuna ko maimaici, domin tsoffin kason suna ta yawo a wasu tashoshi a lokaci guda.

Me ya sa tasha za ta yi wa shirinta haka? Sai ka san yadda ake lissafin. Channel 4, wadda aka buɗe a 1982, mallakar gwamnati ce amma ba ta cin kuɗin lasisin telebijin kamar BBC, da talla take rayuwa. Farashin talla kuma ya dogara ne ga alƙaluman wata hukuma mai suna Barb, wadda a wancan lokaci take da na'urori a gidaje kimanin 5,000 da aka zaɓa su wakilci ƙasar baki ɗaya. Daga abin da waɗannan gidaje suka kalla ake ƙiyasta miliyoyi. Kuma masu talla ba yawan kawuna kawai suke saye ba, sun fi biyan kuɗi a kan matasa ƴan shekara 16 zuwa 34, waɗanda ke da wuyar kamawa a gaban akwati. Shirin da ke da amintattun masu kallo amma akasarinsu manya, a idon mai tsara jadawali shiri ne da za a iya turawa ko'ina, tunda an ɗauka za su bi shi. To amma kowane motsi yana zubar da wasu, alƙaluma su sauka, saukar kuma ta zama hujjar sake tura shi wani lokacin da ya fi muni. Rahotannin jaridun Birtaniya sun ce masu kallon sun ragu daga miliyan biyu da rabi a 2008 zuwa miliyan ɗaya da rabi a ƙarshen 2011. Ko raguwar ce ta jawo canjin lokaci, ko canjin lokacin ne ya jawo raguwar, wannan ita ce gardamar da masoya shirin da tashar ba su taɓa daidaitawa a kai ba. Ni dai ina ganin kowanne ya ciyar da ɗan'uwansa, kuma kada a manta a waɗannan shekaru ne tashoshin dijital suka yawaita, kusan kowane tsohon shiri ya yi asarar jama'a.

Maganin da aka nema shi ne a yi wa shirin kwaskwarima. A zango na 19, wanda aka nuna a 2012, an kawo sabuwar mai gabatarwa, Mary-Ann Ochota, aka kuma rage fitowar wasu tsoffin ƙwararru. A watan Fabrairun wannan shekara labari ya fito cewa Mick Aston ya bar shirin, yana ƙorafin cewa an rage ilimin an ƙara ado, an kuma ture abokan aikinsa gefe. Jaridu suka mayar da abin kamar rigima ce tsakanin dattijon farfesa da budurwa, abin da bai yi mata adalci ba, domin ita ma a Cambridge ta karanci wannan fanni, kuma ba ita ta yanke shawarar canjin ba. Zango ɗaya ta yi ta tafi. Tsoffin masu kallo sun fusata, sababbin da ake nema kuma ba su zo ba. A watan Oktoban 2012 tashar ta ba da sanarwar kawo ƙarshen shirin, aka nuna zango na 20 a 2013, wasu shirye-shirye na musamman suka biyo baya har zuwa Satumban 2014. Mick Aston bai ga ƙarshen ba, ya rasu a watan Yunin 2013.

Ka lura da abin da aka rasa. A kowace shekara akwai wurare goma sha da kuɗin telebijin ke biya a bincika, kuma akasarinsu wurare ne da babu mai niyyar gini a kansu, saboda haka babu ɗan kwangilar da doka za ta tilasta wa biya, jami'o'i kuma ba su da kuɗin zuwa. Da shirin ya tsaya, wannan ƙofa ta rufe. Masu kallo sun yi ta sa hannu a takardun koke a intanet, amma tashar ba ta sauya shawara ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne YouTube. Da aka fara sa tsoffin kason a can, sai ga jama'a daga Amurka da Ostireliya da sauran ƙasashe, waɗanda ba su taɓa ganin Channel 4 ba, suna kallo, musamman lokacin kullen korona a 2020. A ƙarshen wannan shekara Tim Taylor ya nemi masoya shirin su riƙa ba da gudummawar wata-wata ta dandalin Patreon, dubbai kuma suka amsa. A watan Satumban 2021 aka koma fili, aka tona wani matsuguni na zamanin ƙarfe a Boden da ke Cornwall, da wani katafaren gidan Rumawa a Broughton da ke gundumar Oxford, aka saki shirye-shiryen a 2022, kowace ranar tono da nata kashi. Sababbin masu gabatarwa su ne Natalie Haynes da Gus Casely-Hayford. Masu saurarenmu na Ghana za su gane wannan suna, domin daga sanannen gidan nan na Casely-Hayford ya fito, kuma shi ne ya gabatar da shirin BBC kan tsoffin daulolin Afirka a 2010 da 2012, wanda ya haɗa da Nubiya da Benin da Asante. Tony Robinson shi ma daga baya ya dawo yana gabatar da wasu na musamman.

Ta fuskar lokaci dai matsalar ta kau, tunda yanzu kai ke zaɓar sa'ar da za ka kalla. Sai dai idan kana son ka kasance cikin masu kallon farko lokacin da ake sakin sabon kashi, ka tuna da agogon Birtaniya ake sanarwa, shi kuma yana canzawa sau biyu a shekara. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris daidai yake da na Ghana, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma daidai yake da na Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Wanda ke Saudiyya sai ya ƙara awa uku a lokacin sanyinsu, awa biyu a lokacin zafi. Shafin Channel 4 na intanet kuwa na mazauna Birtaniya da Ireland ne kawai, saboda haka kada ka wahalar da kanka a can idan a waje kake.

Wannan sabon tsari shi ma da nasa abin dubawa. A da mai talla ne ke tsaye a bayan mai tsara jadawali, yanzu kuma mai ba da gudummawa ne, kuma shi ma mutum ne mai son ransa. Idan jama'a sun fi son Rumawa da kaburburan sarakuna, wa zai biya a tona ƙauyen talakawa da ba a samun komai sai ramukan turaku da toka? Gudummawar wata-wata kuma ana iya janye ta da danna maɓalli ɗaya, alhali wanke kayan da aka tono da adana su da rubuta rahoto, aikin da kyamara ba ta so, yana cin kuɗi shekaru bayan an tashi daga fili. Wannan tambaya ce da duk masu neman kuɗin bincike daga hannun jama'a ke fuskanta, ba wannan shiri kaɗai ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, rabuwa da jadawalin tasha ya kwance wa tawagar ɗaurin kwana uku. A watan Yunin 2024 sun shafe makonni huɗu a Sutton Hoo da ke gundumar Suffolk, tare da hukumar National Trust mai kula da wurin. Nan ne a 1939 aka gano kabarin wani basarake na ƙarni na bakwai da aka binne cikin jirgin ruwa. A wani fili kusa da kaburburan suka samo ƙarin ɓangarorin wani bokitin tagulla da aka ƙera a daular Rumawa ta gabas a ƙarni na shida, wanda aka fara tsintar gutsattsarinsa tun 1986. A wannan karo ba a yi gaggawar kwashe shi ba, an ɗaga gindin bokitin ne tare da dunƙulen ƙasar da ke cikinsa, aka kai ɗakin bincike aka ɗauki hotonsa da na'urar da ke ganin cikin abu, kafin a fara cire ƙasar kaɗan-kaɗan. Sai a 2025 aka sanar da abin da ke ciki: ƙonannun ƙasusuwan mutum da na dabba, da wani mataji da wuta ba ta taɓa ba. Wato bokitin da ya yi tafiyar dubban kilomita daga gabashin tekun Bahar Rum, a ƙarshe da shi aka binne wani a gabashin Ingila.